Yatsa Na Gudu, Ido Na Barci

Wata ranar Juma'a da hantsi ƙanena ya jefa saƙo a zauren danginmu na WhatsApp, layi ɗaya tak: "Yaya yana fada da Liman." Kafin ladan ya yi kiran farko an buga mini waya sau shida. Wannan ya ba ni haƙuri, wancan ya ce girma ya kama ni, ɗiyata ta fari kuwa har muryarta na rawa, tana tambayar me ya haɗa mu. Ni da Liman kuwa muna zaune lafiya lau a fadar hakimi, mun je gaisuwar Juma'a kamar yadda muka saba shekara da shekaru.

Ƙanen nawa bai kuskure ko harafi ɗaya ba. Fada ya nufa, fada kuma ya rubuta. Mu masu karatu ne muka sa wa dalin ƙugiya da kanmu, saboda mun daɗe da sabawa cewa duk wanda ya rubuta "fada" a waya, faɗa yake nufi. Wannan shi ne abin da ya tsaya mini a rai bayan dariyar ta lafa. Mun lalata rubutunmu har ta kai ga wanda ya rubuta daidai ba a yarda da shi. Ban kuma cire kaina ba, don in an buɗe tsofaffin saƙonnina za a ga ɓarnar da na yi da hannuna, ni da na ci albashin koyar da ƙa'idojin rubutun Hausa har na yi ritaya.

Abin da ya dawo da ni kan hanya abu ne da ban zata ba. Sanyin ƙashi ya fara taɓa mini yatsu, dannan haruffa ɗaya bayan ɗaya a kan gilashin waya ya zame mini aiki. Sai wata jikata, da ta gaji da jiran amsata, ta karɓi wayar ta ce, "Kaka, ba sai ka yi ta tsattsaga kamar kaza ba." Ta ɗora ɗan yatsanta a kan harafin farko, ta ja shi bisa allon haruffa ba tare da ta ɗaga ba, ta ratsa sauran haruffan, ta ɗaga, sai ga kalma ta fito cikakkiya. Na ɗauka wasan yara ne. Na yi mata tsaki, ta yi mini dariya, ta tafi. Da dare ya yi, ba wanda ke kallona, na gwada.

Wannan dabara ta jan yatsa ba jiya aka fara ta ba. Mu da muka riski shigowar wayar salula Nijeriya a 2001 mun tuna ƙananan wayoyin Nokia, inda sai ka danna lamba 7 sau huɗu kafin harafin s ya fito. A cikinsu akwai wani tsari mai suna T9 da ke cankar kalma in ka danna kowane maɓalli sau ɗaya, wanda yawancinmu muka kashe domin Turanci kawai yake canka mana. Ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro T9 ɗin nan, wani Ba'amurke mai suna Cliff Kushler, shi ne kuma ya fito da Swype, wanda ya fara shiga hannun jama'a a wayar Samsung Omnia II a ƙarshen 2009. Tun kafin nan, a farkon shekarun 2000, wasu masu bincike biyu, Shumin Zhai na kamfanin IBM da Per Ola Kristensson, sun riga sun yi aiki a kan rubuta kalma ta hanyar zana siffarta a kan allon haruffa, aikin da daga baya ya zama ShapeWriter. Google ya sa dabarar a cikin Android a 2012, Apple bai sa ta a allon iPhone ba sai 2019. Shi Swype ɗin ma an daina shi tun 2018, amma abin da ya kawo yana cikin kusan kowace babbar waya da ke aljihunmu, ko mun sani ko ba mu sani ba. Yawancinmu ba mu sani ba. Muna sayen waya da kuɗin da zai ciyar da gida wata biyu, mu san inda kyamara take da inda ake sa waƙa, amma abin da muke taɓawa sau ɗari a yini ba mu taɓa zama mun koye shi ba.

Ya kamata a fahimci yadda abin yake aiki, domin a nan darasin yake. Idan ka ja yatsa, wayar ba ta karanta haruffa ɗaya-ɗaya. Hanyar da yatsanka ya bi take dubawa: inda ya faro, inda ya karya kwana, inda ya ɗan lafa, inda ya ƙare. Sai ta gwada wannan zane da zanen kalmomin da ke cikin ƙamus ɗinta, ta kuma duba kalmomin da ka riga ka rubuta a baya, ta zaɓo wadda ta fi kama. Canka take yi. Ta kan dace, ta kan kuma kuskure, shi ya sa take jera wasu kalmomin biyu ko uku a saman allon, ko da wata cikinsu ka nufa.

To, duba yadda wannan ya faɗo a kan Hausa. Jerin haruffan da muke amfani da shi, wanda ya fara da q, w, e, r, t, y, an gaje shi ne daga keken rubutu na shekarun 1870 a Amurka, kuma ba da harshenmu a rai aka tsara shi ba. Harafin a, wanda kusan ba kalmar Hausa da ke tsere masa, yana can ƙarshen hagu, don haka yatsan Bahaushe kullum yana kai-komo zuwa bango. A gefensa kuma s da d da f suna jere kafaɗa da kafaɗa. Ka faro daga k ka ja zuwa a, ka ɗan koma dama, ka dawo: in taku ɗaya ka yi, kasa ka rubuta, in biyu, kada, in uku, kafa. Kowace a cikinsu kuma tana da 'yar'uwa mai ƙugiya da ke kwana a kan maɓalli ɗaya da ita: ƙasa, kaɗa, ƙafa. Kalmomi shida ke nan a kan layi guda, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai faɗin farce ba. Haka a layin sama, u da i da o maƙwabta ne. Kura, kira, kora, ƙura da ƙira duk kusan hanya ɗaya suke bi. Doka da duka ma haka, kuma duk wanda ya taɓa shiga hannun hukuma ya san ba abu ɗaya ba ne, ko da yake wani lokacin tare suke zuwa. Ga kuma baƙi mai ninki: kuna, kunna da ƙuna, ko daba da dabba, inda yatsa ba shi da wata hanya ta daban da zai bi sai dai ya ɗan yi jinkiri ko ya ɗan murza a kan harafin.

Wanda ya fahimci wannan zai gane cewa rubutun jan yatsa ba ya yiwuwa sai da ido. Yatsa ya ja, ido ya duba abin da ya fito, sannan a wuce. Mu kuwa mun raba su aiki: yatsa na gudu, ido na barci. Mu tura saƙo ba mu karanta ba, in ya jawo magana mu ce, "Wallahi wayar ce ta canza." Wannan uzuri ya yi yawa a bakinmu, manya da yara. A da, in magatakarda ya rubuta wa mai gida wasiƙa, sai ya karanta masa ita daga bisimilla har wassalam kafin a naɗe a ba ɗan aike. Ba wanda ya taɓa cewa alƙalami ne ya canza. Ɗalibin allo ma ba ya wanke allonsa sai malam ya duba rubutun ya gyara masa wasali. Yau mutum zai rubuta wa surukinsa gaisuwar ta'aziyya yana tafe yana taunar gyaɗa, ya tura, ya sa waya a aljihu, bai san me ya isa can ba.

Babban abin takaicin ma shi ne, da yawa cikin masu zargin waya ba su taɓa gaya mata cewa Hausa suke rubutawa ba. Allon haruffansu yana kan Turanci tun ranar da aka ɓare kwalin. Ka ja kalmar Hausa a kan ƙamus na Turanci, dole ta ba ka abin da ta sani, kamar ka yi wa Bature kirari ka jira tukuici. Alhali Gboard na Google da SwiftKey na Microsoft duk suna da Hausa a jerin harsunansu. Shiga saitin allon ne kawai, a nemi wurin harsuna, a ƙara Hausa. Bai kai tsawon lokacin da muke ɓatawa muna kallon bidiyon faɗan wasu ma'aurata da ba mu sani ba. Da an yi haka, ƙ da ɗ da ɓ suna nan kusa: ka danne k ko d ko b ka ɗan riƙe, mai ƙugiyar ta bayyana. 'Yan'uwanmu na Nijar da ke rubuta ƴ inda muke rubuta 'y su ma tasu tana nan. Ni na yi zamanin da muke buga takardun jarrabawa da tafireta irin ta Ingila, mu zare takarda, mu bi kowane layi da biro muna sa wa haruffa ƙugiya da hannu, domin kada yaro ya karanta baki a inda aka ce baƙi. Abin da muka yi wa wahala haka yau an kawo mana shi har ƙarƙashin yatsa, mun ce ba mu da lokaci.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi, wanda sai da na yi makonni ina jan yatsa kafin na lura da shi. Wayar tana koyo daga gare mu. Duk kalmar da ka nace kana rubutawa, ko ba ta cikin ƙamus ɗinta, za ta ɗauka ta adana, gobe ta miƙo maka ita. In ka saba rubuta "nagode" a haɗe, da "inaso", da "yakamata", da "Allah yajikansa", to ka zama malaminta, kuma ɗaliba ce mai biyayya: abin da ka biya mata shi za ta riƙa biya maka, har ranar da za ka so ka rubuta takardar neman aiki ko saƙo zuwa ga wanda kake jin nauyinsa. Ta wuce nan ma. Yaran da ke tasowa a gidajenmu sun fi karanta Hausa a fuskar waya fiye da a littafi. Abin da suke gani a zaurukan dangi da na unguwa shi suke ɗauka Hausa. Malamai na ganin sakamakon a takardun jarrabawa: yaro ya rubuta jimla guda ba tazara, ba ƙugiya, ba aya, in ka ja masa jan biro ya dube ka da mamaki, don haka babansa ke rubutawa. Mutanen da suka zauna a Zariya suka daidaita mana rubutun boko, suka fara fitar da Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, su Abubakar Imam, ba don ado suka raba "na" da "gode" ba. Sun yi ne domin Bakano da Basakkwace da Badamagare su karanta takarda ɗaya su fahimci abu ɗaya.

A nan ne na ga alherin jan yatsa da ban zata ba. Tun da kowane ja kalma ɗaya ne, kuma ɗaga yatsa shi ne tazara, dole ka san inda kalma ta fara da inda ta ƙare kafin ka taɓa gilashin. Ba za ka iya jan kalmar da ba ka san haruffanta ba. Mai danna haruffa yana iya yin kame-kame, ya cinye wasula, ya wuce. Mai ja kuwa sai ya riƙe kalmar sukutum a ransa. Ni da kaina na kama kaina ina tsayawa ina tambaya, shin wannan a haɗe take ko a rabe, tambayar da na daina yi wa kaina tun da na ajiye alli.

Sai batun "slm" da "ykk" da "lfy" da "ngd". Ba zan yi mana rashin adalci ba, wannan ɗabi'a tana da asali. Saƙon tes na da haruffa 160 ne iyakarsa, in ka ƙetare a caje ka kuɗin biyu. In kuma ka kuskura ka sa harafi irin ƙ ko ɗ, a wayar da ma take da su, iyakar sai ta faɗo zuwa 70, domin ba sa cikin ainihin haruffan da aka tanadar wa tes. Talauci ne ya koya mana yanke kalmomi da zubar da ƙugiya, kuma a lokacin dabara ce. Amma yau wa ke ƙirga maka haruffa a WhatsApp? Yunwar ta wuce, mun ci gaba da cin abincin fari. Sallama addu'a ce, ka roƙa wa ɗan'uwanka aminci. Mutumin da zai iya zama awa biyu yana muhawarar ƙwallo a Facebook bai kamata ya rasa daƙiƙa uku da zai cika wa mahaifiyarsa sallama ba. Da jan yatsa ma, in ka koya wa wayar sau biyu sau uku, ja biyu ne ka gama "Assalamu alaikum".

Wasunmu kuma da rubutun ya gundure su sai suka koma saƙon murya ɗungurungum. Ban ƙi saƙon murya ba. Rahama ne ga wanda bai yi boko ba, da makaho, da tsohuwar da ke son jin muryar ɗanta da ke Kurmi ko Saudiyya. Amma mai digiri ya turo maka magana ta minti bakwai, da tari da gyaran murya da "to, me ma nake cewa", a kan abin da layi biyu zai ɗauke, wannan ɗora wa mutane nauyi ne. Ya sauƙaƙa wa kansa, ya wahalar da kai. Dole ka nemi wurin da ba hayaniya, ka ƙona datarka, in kuma lambar asusu ce ko adadin buhuna a ciki, ka yi ta maimaitawa kana neman inda ya faɗa. Bayan wata uku in gardama ta tashi a kan ciniki, rubutu ana lalubo shi da kalma ɗaya, murya kuwa sai an bi ɗaya bayan ɗaya. Ba ma tuna kurame da ke cikin zaurukanmu, waɗanda rubutun waya ya buɗe musu ƙofar hira da kowa, mu kuma muke rufe ta da kasala.

Kada wani ya ɗauka ina tallan sauri ne. Wani bincike da masana daga jami'o'in Aalto da Cambridge da ETH Zurich suka fitar a 2019, a kan mutum fiye da 37,000, ya nuna matsakaicin saurin rubutu a waya kusan kalma 36 ne a minti, kuma masu jan yatsa ba su ne kan gaba ba. Masu bugawa da manyan yatsu biyu sun fi sauri. Kristensson ɗin nan da na ambata yana cikin waɗanda suka yi binciken, bai kuma ɓoye sakamakon ba. Saboda haka wanda hannunsa ya saba da dannawa, kuma yana rubuta daidai, ya ci gaba abinsa. Amfanin ja yana ga mai hannu ɗaya a sake, da mai kaurin yatsu, da irina da gaɓoɓi suka fara gajiya. Sauri dai ba shi ne ciwonmu ba. Mun riga mun fi ƙarfin hankalinmu sauri.

Wanda ya yi niyyar koyo, ga abin da na gani da kaina. Makon farko za ka ji kamar an ɗaure maka hannu, kana neman kowane harafi da ido, kana jan yatsa kamar mai tsallaka kwata. Kada ka bari a nan, yawancin masu bari a nan suke bari. Faro da kalmomin da kake rubutawa kullum: sannu, lafiya, gobe, kasuwa, sunayen mutanen gidanka. Kada ka tsaya a kan kowane harafi, ka dai tabbatar ka faro daidai, ka karya kwana a inda ya dace, ka ƙare daidai. In kalmar da ta fito ba ita ba ce, duba saman allon kafin ka goge. In ba ta nan, danna gogewa sau ɗaya, duka za ta tafi, ka sake. Kalmar da wayar ba ta sani ba, buga ta harafi-harafi da ƙugiyarta, daidai, domin yadda ka ba ta haka za ta riƙe. In kuma ta riga ta haddace wani kuskurenka na da, danne shi a inda take jera kalmomi, za ta ba ka damar cire shi. Bayan 'yan makonni za ka tarar hannunka ya haddace siffar kalmomin da kansa, kamar yadda ba ka tunanin haruffan sunanka in za ka sa hannu a takarda. Abin da su Zhai suka hango ke nan tun farko: mai koyo ya bi haruffa da ido, gwani ya zana daga ƙwaƙwalwa. Lambar sirri da lambar asusun banki kuwa a buga su ɗaya-ɗaya, a kuma karanta sau biyu. Kada kuma a ɗauko kowane allon haruffa daga intanet don yana da furanni, domin duk abin da ka rubuta ta cikinsa yake bi.

Ku matasa, in tsoho ya miƙo muku waya ya ce ku nuna masa, kada ku fizge ku yi masa ku miƙa. Ku riƙe masa yatsa yadda aka riƙe muku hannu ranar da kuka fara rubuta alif. Mu tsofaffi kuma mu rage girman kai; na yi tsaki ranar da aka nuna mini, ga shi yau da abin nake rubuta rabin wasiƙuna. Sai dai in ja kunnenmu duka a kan abu ɗaya: don rubutu ya yiwu da hannu ɗaya, ba shi ne izinin yin sa a kan sitiyari ba, ko a ƙarƙashin riga ana huɗuba, ko mahaifinka na yi maka magana kana gyaɗa kai yatsa na yawo.

Jikar tawa ta zo hutu watan jiya, ta leƙa wayata ta ga har yanzu ina tsayawa in karanta kowane saƙo kafin in tura, ta ce ai haka ba zan taɓa yin sauri ba. Na ce mata na yarda. Ku dai ku shiga saitin wayoyinku yau ku sa Hausa, kuma saƙon farko da za ku rubuta bayan nan, ku karanta shi tun daga sallama har ƙarshe kafin ku tura.